Ɗan Gado da Ɗan Haye a Duniyar Gem

Manyan wasannin intanet ɗin nan da dubban mutane ke zama a duniya ɗaya, kowa da jarumin da ya ƙirƙira wa kansa, iri biyu ne wajen karɓar baƙo. Wasu tun a bakin ƙofa za su tsare ka da tambaya: mayaƙi ne kai, ko matsafi, ko mai magani, ko maharbi? Abin da ka zaɓa shi za a ɗaura maka, da shi za ka rayu har ranar da ka ajiye wasan. Wasu kuwa babu mai tambayarka komai. Za a sake ka cikin gari da 'yar riga da wuƙa, ka zama duk abin da hannunka ya saba da shi. In ka yawaita saran itace ka zama gwanin sara, in ka lizimci bakin kogi ka zama masunci, in kuma takobi ka riƙe ka zama mayaƙi ba tare da kowa ya naɗa ka ba. Na farko shi ne tsarin rukuni, na biyu tsarin ƙwarewa a buɗe. Masu tsara wasanni da masu buga su sun kusa shekara hamsin suna ja-in-ja a kan wanda ya fi, har yau ƙurar ba ta lafa ba.

Wanda ya tashi a garin Hausa ya san mutanen nan biyu. Akwai ɗan gado. A gidan maƙera aka haife shi, tun yana rarrafe yake jin ƙarar masaba a kan uwar maƙera, da ya tasa aka zaunar da shi gindin zugazugi. Ba a tambaye shi ba, sunan gidansu ya riga shi fita waje, kuma duk wanda garmarsa ta karye a unguwa ya san ƙofar da zai je ya yi sallama. Akwai kuma ɗan haye, yaron da babu sana'a a gidansu, ko akwai amma ba ta kwanta masa ba. Ya fara da zama wurin mai faci a bakin titi yana miƙo roba da gam. Daga nan ya koma garejin masu gyaran babur ya koyi kwance inji. Da janareta ta yi yawa a gari ya ga ai cikin nasu kusan ɗaya ne, ya ƙara da ita. Yanzu kuma yana leƙa wurin masu haɗa sola. Babu wanda ya ce masa ga abin da zai zama, kuma kowace ƙwarewa da ke hannunsa ya san ranar da ya fara ta da yatsan da ya ƙone a kanta.

A wasanni, tsarin rukuni ne babba a haihuwa. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake yi a kan tebur da takarda da fensir da ƙwayoyin jefawa irin na ludo. Rukuni uku ne kacal a cikinsa, mayaƙi da matsafi da malamin addini mai warkarwa, bayan shekara ɗaya aka ƙara ɓarawo. Ba a daɗe ba aka samu masu cewa ɗaurin ya yi yawa. A 1978 kamfanin Chaosium ya fitar da RuneQuest, inda babu rukuni sam, kowace ƙwarewa da nata maki, kuma sai ka yi amfani da ita take ƙaruwa. Da wasannin suka koma kwamfuta kowane ɓangare ya tafi da kayansa. Wasu ɗalibai a Jami'ar Kopenhagen suka rubuta DikuMUD wajen 1990, wasan rubutu zalla babu hoto, a kan tsarin rukuni. Sawunsa EverQuest ya bi a 1999 da rukuni 14, sannan World of Warcraft na kamfanin Blizzard a 2004 da rukuni 9. Wannan na ƙarshen ya tara mutum miliyan 12 masu biyan kuɗin wata-wata a 2010, shi ya sa yawancin mutane in an ambaci irin wannan wasa, tsarinsa suke gani a ransu.

Amfanin rukuni ba ya fitowa sai taro ya tashi. Ɗauki ranar suna. Tun asuba kowa ya san aikinsa ba tare da an zauna shawara ba: malam zai yi addu'a ya raɗa suna, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, mahauci ya feɗe rago, wanzami ya buɗe zabira ya yi wa jariri aski. Maigida ba ya bin baƙi yana tambaya, "Wa ya iya riƙe aska a cikinku?" Yaro kawai zai aika gidan wanzamai. Ko bai taɓa ganin wanda aka turo ba, zai miƙa masa kan jaririn kwana bakwai hankali kwance, don sunan gidan ya tsaya masa.

Haka kogon dodanni yake a World of Warcraft. Mutum biyar ne ke shiga: ɗaya mai sulke da garkuwa, aikinsa ya tsokano dodon ya sha dukan, ɗaya mai magani da ke tsaye a baya yana warkar masa da rauni, uku kuma masu zuba wa dodon wuta. Ƙila ba su taɓa haɗuwa ba, ƙila ma ba sa jin yaren juna, amma da ka ga rukunin mutum ka san abin da za ka dogara da shi a kai. Har ta kai a ƙarshen 2009 Blizzard ta sa na'ura ta riƙa haɗa mutanen da kanta: ka faɗi aikinka, ka shiga layi, a haɗa ka da baƙi huɗu. Da kowa da irin haɗin gambizarsa yake yawo, da hakan bai yiwu ba. Masu tsara wasan ma sun huta. Tunda sun san iyakar ƙarfin kowane rukuni, suna iya auna dodo daidai da masu tunkararsa, har su shirya yaƙin mutum 40 irin na Molten Core inda kowa ke da wurin tsayuwarsa. Sabon shiga kuma ba ya ɓata, an shimfiɗa masa hanya mataki bayan mataki, kamar yadda ɗan maƙeri ke tashi daga zuga zuwa riƙon awartaki zuwa ƙirar lauje.

Ban raina wannan ba ko kaɗan. Mutum yana son a san shi da wani abu, a neme shi dominsa. Akwai daɗi na gaske a ce ƙungiya ta tsaya cik tana jiranka don babu mai magani sai kai.

Sai dai gado ba ya tambayar ra'ayi. A farkon World of Warcraft akwai rukunin Paladin, jarumi mai sulke da ƙatuwar guduma, wanda siffarsa kaɗai ta ja mutane da yawa suka zaɓe shi. Sun shafe watanni suna hawa har mataki na 60, sannan suka tarar a manyan yaƙoƙi ba a son gudumarsu. A baya ake tsayar da su suna warkar da wasu, wasunsu ma da rigunan yadi maimakon sulke. Wanda bai yarda ba sai dai ya koma farko da sabon jarumi, ya bar duk wahalar da ya sha. Ko ɗan gyaran da aka yarje maka a cikin rukuninka, kuɗinsa hawa yake yi duk lokacin da ka sake, har ya kai zinariya 50, kuɗi mai nauyi a wancan zamanin. EverQuest ya yi abin da ya fi wannan ciwo a shekarunsa na farko: rukunan da suka haɗa yaƙi da tsafi an ɗora musu harajin maki, suna hawa a hankali fiye da kowa, harajin kuma yana shafar abokan tafiyarsu, sai ƙungiyoyi suka riƙa gudunsu. Mun san irin wannan a gida. Akwai yaron da Allah ya ba hannun zane ko kan lissafi amma kowa na ce masa kyan ɗa ya gaji ubansa. Akwai kuma sana'o'in da gari ba ya iya kwana ɗaya babu su, amma in ɗansu ya je neman aure sai a fara kame-kame.

Wata illar ta fi damuna, kuma ba a cika faɗarta ba. Gidajen gado na garin Hausa sun haɗa da marina da masaƙa da dukawa da magina da masunta. A wasan rukuni kuwa, rukunan nan tara ko goma sha huɗu duk hanyoyi ne daban-daban na kashe dodo. Ƙira da ɗinki da girki suna nan, amma a gefe, abin da mayaƙi ke taɓawa in ya dawo daga fagen fama. Ba za ka iya cewa kai maƙeri ne kawai ba. Gari ne da kowa a cikinsa soja ne.

Ultima Online, wanda kamfanin Origin ya buɗe a Satumbar 1997 ƙarƙashin Richard Garriott, da Raph Koster a matsayin jagoran tsarawa, ɗaya hanyar ya bi. Ƙwarewa ta haura arba'in a cikinsa, daga takobi da tsafi har haƙar ma'adinai, ƙira, ɗinki, aikin katako, kamun kifi, girki, horar da dabba, kiɗa, sata, har da bara. A lokacin kowacce tana tashi daga sifili zuwa 100 ta hanyar yi. Amma ga inda hikimar take: jimillar abin da jarumi ɗaya zai iya riƙewa a lokacin 700 ne, wato ƙwarewa bakwai in ka kai kowacce ƙarshe. Da ka cika ma'aunin, duk sabon abin da ka koya sai wani tsoho ya ragu. Ɗan hayen nan namu ya san wannan doka tun kafin a rubuta ta. Yini ɗaya gare shi, hannu biyu, kuma ranar da ya duƙufa a kan sola hannunsa zai fara manta faci. Taura biyu ba ta taunuwa.

Wannan ma'aunin ne ya haifar da gari. Mayaƙin da ya zuba 700 ɗinsa a kan faɗa ba shi da gurbin ƙira, sulkensa kuwa kullum yana cinyewa da duka. Don haka a wancan zamanin, a birnin Britain na cikin wasan akwai maƙera inda 'yan wasa na gaske ke tsayuwa sa'o'i, aikinsu gyaran sulke da takobin jama'a. Za ka miƙa wa mutum kayan da ka sha wuya kafin ka samu, babu abin da zai hana shi gudu da su sai tsoron ɓata sunansa. Wanda ya riƙe amana labarinsa ya zaga, a riƙa layi a gabansa. Maƙerin da ya kai 100 ma yana iya buga sunansa a jikin abin da ya ƙera, mayaƙi ya faɗi a daji, wani ya tsinci takobin ya karanta sunan wanda ya yi shi. Wasan bai ba mutumin nan wannan matsayi ba, shi ya gina shi da guduma da gaskiya, a gaban mutanen da suke iya zuwa wurin wani.

To amma sakewa tana da nata kuɗin, kuma sabon shiga ne ke biya. Yaron da ya taɓa faci wata biyu, ya taɓa walda wata uku, ya ɗan leƙa wayarin, yana iya kai shekara talatin bai zama gwanin komai ba, ana ce masa ɗan buga-buga. A wasa ma haka ne. Mutum zai watsa makinsa a kan abubuwan da ba sa taimakon juna, sai bayan watanni ya gane jaruminsa bai iya faɗa ba, bai iya sana'a ba. Koyo ta hanyar yi kuma ya kawo tasa cutar. Tunda maimaitawa ke ƙara maki, mutane suka riƙa barin kwamfuta a kunne cikin dare, wata 'yar manhaja tana maimaita aiki ɗaya sau dubbai alhali mai ita yana barci. Da safe ya tashi gwani bai ƙona yatsa ko ɗaya ba.

Babbar hujjar masu goyon bayan rukuni ita ce, ku bar mutane a sake, za su koma su ƙera wa kansu rukuni. Gaskiya suka faɗa. A Ultima Online ba a daɗe ba aka gano haɗin da ya fi kowanne kisa, matsafi mai riƙe da dogon barandami, kowa ya ruga ya kwaikwaya. A EVE Online na kamfanin CCP da ke Iceland, wanda aka buɗe a 2003, babu rukuni, ƙwarewa da agogo take hawa ko kana wasa ko ba ka yi. Duk da haka manyan rundunoni suna fitar da jerin jiragen da suke so da yadda za a haɗa su, kuma a ciki akwai masu harbi, akwai masu gyaran jiragen 'yan'uwa a tsakiyar yaƙi, akwai ƙananan jirage masu riƙe abokin gaba kada ya tsere. Rabon aiki ya dawo ta bayan gida.

Na yarda da wannan duka, amma ban yarda ya kashe maganar ba. Ɗan hayen ma ai gari ba ya barin sa babu suna. Ranar da ya fi kowa iya janareta za a fara ce masa wane mai janareta, ko ya so ko bai so ba. Sai dai nasa sunan bayan aikin ya biyo, kuma in sola ta kashe kasuwar janareta yana iya juyawa, a hankali sunan ya bi shi. Rukunin da 'yan wasa suka ƙera da hannunsu yana narkewa in zamani ya sauya, kuma kullum akwai gefe inda mai taurin kai zai gwada haɗin da ba a taɓa yi ba, wani lokacin ma shi za a kwaikwaya gobe. Rukunin da kamfani ya ƙera kuwa ba ya motsi sai kamfani ya ga dama.

Akwai wasan da ya nuna buɗewa kaɗai ba ta isa ba. RuneScape, wanda Andrew Gower da ɗan'uwansa Paul suka fitar a Ingila a 2001, ba shi da rukuni, ba shi kuma da ma'auni. Kai ƙwarewa ɗaya mataki na 99 yana cin maki 13,034,431, in ka kai 92 ma rabin tafiyar kawai ka yi. Hanya ce mai tsawo, amma babu abin da zai hana mutum ɗaya ya gama su duka, ya zama shi ne maƙeri, shi ne masunci, shi ne kuku, shi ne mayaƙi. Na fahimci daɗin ganin lamba tana hawa, kuma haƙurin masu yin sa abin yabo ne. Amma ƙarshen hanyar mutum ne wanda ba ya bukatar kowa. A 2014 ma aka ƙara wani salo, Ironman, inda aka haramta maka ciniki da sauran 'yan wasa, kuma ya samu karɓuwa sosai. Magidancin da shi zai raɗa wa ɗansa suna, ya feɗe ragon, ya yi askin, ya kuma fita ƙofar gida ya sanar da kansa, za a jinjina masa, amma wannan ba taron suna ba ne.

Don haka in na zo auna wasa, tambayar bakin ƙofa ba ita ce ta fi damuna ba. Abu biyu nake dubawa: ko akwai abin da ba zan taɓa iyawa ba wanda dole in nemi wani a kansa, da kuma ko ni na zaɓi inda wannan giɓin zai kasance. Rukuni yana tilasta maka neman mutane amma shi ya zaɓar maka giɓin. Tsarin da aka buɗe babu ma'auni yana ba ka zaɓi amma a ƙarshe ya cike giɓin gaba ɗaya. Wanda aka buɗe aka kuma sa masa ma'auni, shi nake goyon baya.

Wasan da ya fi kowanne kusantar abin da nake nufi shi ne Star Wars Galaxies, wanda Sony Online Entertainment ya buɗe a Yunin 2003, shi ma da hannun Raph Koster a ciki. Kowane jarumi yana da maki 250 da zai raba a kan sana'o'i sama da talatin, yana kuma iya ajiye wata ya karɓi makinsa ya koyi wata. Akwai 'yan bindiga da mafarautan mutane, amma akwai likita, magini, tela, kuku, maƙerin makamai, mai kiwon dabbobi, makaɗi, mai rawa, har da mai gyaran gashi da fuska. Kuma da gangan aka ɗaure su da juna. Mayaƙi in ya daɗe a fagen fama yana tara wata gajiya wadda dole sai ya shiga gidan shaƙatawa ya zauna ya kalli mai rawa ko ya saurari makaɗi kafin ta sake shi, su kuwa waɗannan mutane ne na gaske a bayan kwamfutarsu. Rauni mai zurfi sai a asibiti wurin likita. Bindiga mai kyau wani ɗan wasa ne ke ƙera ta, da ƙarfen da ingancinsa ke sauyawa daga wuri zuwa wuri, daga lokaci zuwa lokaci, har gwanayen maƙera suna tara mai kyau su adana don ba a san ranar da irinsa zai sake fitowa ba. Mutanen da ba su taɓa sha'awar wasan faɗa ba suka samu wurin zama da mutunci. 'Yan wasa suka gina garuruwansu, suna zaɓen magajin gari.

Wasan yana da aibu ba kaɗan ba. Kurakurai sun yi masa yawa, daidaita ƙarfin sana'o'i talatin da ake cakuɗawa ya gagari masu shi, sabon shiga kuma yakan rasa inda zai dosa. Da World of Warcraft ya fito ya kwashe kasuwa, masu Galaxies suka yanke shawarar bin sawunsa. A Nuwambar 2005, da sanarwar da ba ta wuce mako biyu ba, suka rushe tsarin suka mayar da shi rukuni 9. An bar ɗan kasuwa da mai nishaɗantarwa a cikin taran, amma igiyar da ta ɗaure mayaƙi da su ta saki, wasu sana'o'in kamar kiwon dabbobi aka soke su ɗungurungum. Matsayin Jedi, wanda a da sai an sha baƙar wuya ake samu, ya zama abin da kowa zai zaɓa a ranar farko. Abin ya zo ne kwanaki kaɗan bayan an sayar wa mutane sabon ƙari na wasan, har kamfanin ya mayar wa masu so kuɗinsu. Kamar a wayi gari ne a tara masu sana'ar kasuwa a ce daga yau gida tara ne a garin nan, kowa ya zaɓi ɗaya ya shiga, shekarun da ka yi kana gina sunanka kuma ka manta da su. Jama'a da yawa suka watse. John Smedley, shugaban kamfanin na lokacin, daga baya ya fito fili ya amsa kuskure ne ya ba da haƙuri, kuma an rufe wasan a Disambar 2011. Har yau akwai 'yan sa-kai da suka sake gina tsohon tsarin suna tafiyar da shi, mutane na shiga.

Masu tsara wasanni na baya sun ɗebi wani abu daga ɓangarorin biyu. Final Fantasy XIV na Japan, wanda ya fito a 2010 ya faɗi, Naoki Yoshida ya sake gina shi a 2013, ya riƙe rukuni amma ya kwance ɗaurin. Jarumi ɗaya yana iya koyon duka, abin da ka riƙe a hannu shi ke faɗin ko kai wane ne a wannan sa'ar. Ka ajiye takobi ka ɗauki sanda ka zama mai magani, ka ɗauki zarto ka zama kafinta, don sana'o'in hannu takwas suna da matakansu cikakku kamar na yaƙi. Wannan ya share hawayen masu guduma irin na Paladin, kuma ya dace da wanda ke da sa'a ɗaya tak bayan aiki. Sai dai ya ɗauko matsalar RuneScape, mai haƙuri yana iya zama kowa da kowa.

Albion Online, na wani kamfani a Berlin, ya fito a 2017 ya kuma zo waya a 2021, don haka matashin da ba shi da kwamfuta yana iya kaiwa gare shi. Babu rukuni a cikinsa. Kayan da ka sa su ne ƙarfinka, gwanintarka a kan kowane makami kuma tana ƙaruwa da amfani. Shi ma ba shi da ma'auni irin na 700, amma ya samo bukatar juna ta wata ƙofa. Kusan duk abin da ake sawa 'yan wasa ne suka ƙera shi, kuma a yankuna masu haɗari, ja da baƙi, in aka kashe ka kayan jikinka sun tafi, wasu ganima, wasu sun lalace. Kowane gari da kasuwarsa daban da abin da ya fi iya sarrafawa, don haka dole wani ya ɗora kaya a bayan sa ya ratsa daji da su. Mayaƙi bai daina bukatar maƙeri ba, maƙeri na bukatar mai haƙar ƙarfe, shi kuma na bukatar ɗan rakiya. Wasa ne mai zafi. Wanda aka kwashe wa tarin mako guda cikin minti ɗaya yakan ajiye shi bai dawo ba, kuma ban ga laifinsa ba. Amma a can mutum yana iya cewa shi jima ce sana'arsa, ya zauna a garin Martlock inda aikin fata ya fi riba, ya sayi ɗanyen kaya a hannun mafarauta, ya sayar wa masu ɗinka rigunan yaƙi, kuma muddin ana mutuwa a baƙin yanki kasuwarsa ba za ta mutu ba.